Likitan Da Ya Mutu A Murmur, Da Maganar Da Na Kasa Faɗa Wa Kawu

 

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan isha'i, sai wani yaro daga cikin masu ɗan karance-karancen nan ya jefo tambaya. Ya ce wai da za a miƙo wa mutum takarda a rufe, a ce ranar mutuwarsa ce rubuce a ciki, wa zai buɗe a cikinmu? Kafin ya rufe baki wuri ya ɗauki salati. Wani ya ce a'uzubillahi, wani ya ce yaro ka bar wasa da abin da ya fi ƙarfinka, wani kuma ya ce shi ko kyauta aka haɗa masa da ita ba ya so. Mutum ɗaya ne kawai, wani dattijo mai sayar da goro, ya ce shi fa zai buɗe, domin akwai mutanen da suka shekara uku suna yi masa yawo da hankali a kan kuɗinsa, yana son ya san ko zai riski ranar biya. Aka yi dariya aka watse. Ni dai ban ce komai ba a daren nan, saboda an taɓa miƙo mini mai kama da wannan takarda, ta wani mutum da nake ƙauna, kuma har yau abin da na yi da ita bai bar raina ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da wani labari na ƙasarmu wanda ya girme mu duka.

Ni mutumin Azare ne, can aka yanke cibiyata. Duk wanda ya tashi a Azare ya san cewa sarautar da ke garin sunanta sarautar Katagum, kuma ainihin garin Katagum yana can arewa, tafiyar kamar kilomita 70, a ƙaramar hukumar Zaki. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa masarautar a farkon jihadi, ya gina garin Katagum, ya rasu a 1814. A 1916, a zamanin Turawa, aka dawo da fadar Azare. (Abin mamaki, a wannan shekarar ce kuma aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a nan Ibadan, wato garin da aka haife ni da unguwar da nake tsufa a ciki shekara ɗaya suka samu matsayinsu.) Muna yara abin da muka sani game da tsohon Katagum bai wuce ganuwa da kabarin sarakuna da kifi ba. Sai da na girma na zo Kudu, na fara karatun dare don rage kewa, sannan na ci karo da labarin wani baƙo da ajalinsa ya kawo shi ƙasarmu daga wata uwa duniya.

Sunansa Walter Oudney, mutumin Sikotilan, likita ne da ya yi karatu a Edinburgh ya kuma yi aiki da sojan ruwan Ingila. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da mutum biyu, Hugh Clapperton da Dixon Denham, su keto Sahara daga Tarabulus su ga ƙasar Barno da abin da ke bayanta, su kuma binciko inda kogin Kwara yake zuba. Sun baro Tarabulus a 1822, suka iso Kukawa wajen Shehu Laminu a watan Fabrairu 1823. Kada mai karatu ya ɗauka yabon su nake yi. Hanyar da suka auna da ƙafa ita jikokinsu suka biyo da bindiga, shekara 80 bayan nan Katagum ta shiga hannun Turawa a 1903. Wannan magana ce ta wata rana. Abin da ya ja ni ga Oudney shi ne ciwon da ke ƙirjinsa.

Tarin fuka ne, kuma tun a hamada ya fara cin sa. A wancan zamani babu maganinsa a ko'ina a duniya. Ba a gano ƙwayar cutar ba sai 1882, allurar farko da ta yi mata tasiri kuwa sai a shekarun 1940. To amma likitocin lokacin sun san tafiyar cutar sarai, sun ga yadda take fara wa da tari, ta koma zufar dare, ta zo ga jini, ta ƙarasa da rama. Ka ga ke nan Oudney ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayani. Duk tarin da ya yi, ya san a wane zango yake.

A haka, ranar 14 ga Disamba 1823, shi da Clapperton suka baro Kukawa a cikin ayarin fatake Larabawa da Barebari, suka nufo Kano. Denham ya tsaya a Barno. Tsakiyar hunturu ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a fili a gabashin ƙasarmu a ƙarshen Disamba ya san abin da nake nufi. Clapperton ya rubuta cewa akwai asubar da suka tashi suka tarar ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare. Wannan sanyi shi ya ƙarasa karya likitan. A cikin kwanakin nan ne ya kira abokin tafiyarsa ya gaya masa a fili cewa shi dai tasa ta ƙare, ya cire rai da ganin ƙarshen aikin da aka aiko shi, kuma idan ya mutu a miƙa takardunsa ga wani jami'i a Landan mai suna Barrow. Wasiyya ke nan, kamar mako biyu kafin rasuwarsa. Babu wanda ya ba shi rana, amma ya san an kusa, ya kuma faɗa da bakinsa.

Ranar 2 ga Janairu 1824 suka iso Katagum. Sarkin lokacin shi ne Muhammadu Ɗan Kauwa, wanda ya hau a 1816, Clapperton ya rubuta sunansa da irin jin kunnen Bature. Tun kafin su shigo gari wani bawan sarki ya taryo su a kan doki da ɗan kwandon goro. Wannan wurin duk lokacin da na karanta sai na yi murmushi, don ni ma goro ne ya kawo ni Kudu, kuma har gobe da shi muke tarbar baƙo. Clapperton ya ce tun da suka baro Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro irin Katagum ba, ganuwa biyu, ramuka uku kewaye da ita, ƙofofi huɗu, mutane tsakanin 7,000 da 8,000. A nan ne kuma suka fara ganin ana ciniki da wuri, domin a Barno da ƙyallen saƙi ake musaya. Sarki ya karɓe su hannu biyu. Har akwai ranar da ya sa Clapperton ya gwada masa harbi, da ya ga ya sami abin da aka kafa masa daga nesa sai ya nemi tsari daga shaiɗanu, sannan ya yafa masa riga.

Shi kuwa likitan, a duk wannan hidima yana kwance ne ko yana jingine. Duk da haka a tafiyar nan mutane ba su daina zuwa neman magani wurinsa ba, shi ma bai daina duba su ba matuƙar yana iya zama. Mutum yana tarin ajalinsa yana auna wa wasu magani. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wannan mai takardar likitanci daga Edinburgh ya yarda aka kira masa mutumin gari ya yi masa ƙaho a gefen hagu na ƙirji, aka tsaga da aska aka kafa ƙaho aka zuƙe, kamar yadda wanzamanmu ke yi har yau. Mutumin da ya riga ya ce tasa ta ƙare ne fa. Ga alama sanin an kusa bai kashe masa kwaɗayin kwana ɗaya na ƙari ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar 10 ga wata suka bar Katagum. Ba ya iya zaman doki, sai aka ɗaura katako a kan raƙumi aka shimfiɗa masa gado. Da ya so da ya zauna, ga sarki mai karamci, ga ɗaki, ga inuwa. Ya zaɓi hanya. Washegari dole ta sa suka yada zango a Murmur, wanda har yanzu yana nan a ƙasar Zaki. Da asubar 12 ga Janairu ya sha gahawa, ya ce a ɗaura wa raƙuma kaya. Clapperton ya taimaka masa ya sa tufafi, baransa ya riƙo shi suka fito daga tanti, amma kafin a ɗora shi kan raƙumi sai Clapperton ya dubi fuskarsa ya ga abin da ya gani, ya ce a mayar da shi ciki. Bai daɗe ba ya cika, yana da shekara talatin da 'yan kai. Aka yi masa wanka irin na mutanen gari, aka yi masa sutura da rawunan da suka ɗauko don kyautar sarakuna, aka haƙa masa kabari kusa da wata tsohuwar bishiya a bayan ƙofar kudu. Clapperton ya yi masa addu'a irin ta addininsu, ya sa aka kewaye kabarin da ginin ƙasa saboda namun daji, ya yanka tumaki biyu aka raba wa talakawa. Ranar 20 ga wata ya shiga Kano shi kaɗai.

To jama'a, a nan ya kamata in tsaya in raba magana biyu, don kada wani ya ce na shiga hurumin da ba nawa ba. Ranar mutuwa da wurinta Allah kaɗai Ya sani. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta yanke wannan, ta sa shi cikin abubuwan da aka ɓoye wa kowane rai, har da ƙasar da mutum zai mutu a cikinta. Mu da muke zaune a ƙasar wasu mun fi kowa jin nauyin wannan aya. Wa zai gaya wa uwar Oudney a Sikotilan cewa ƙasar Murmur ce za ta rufe ɗanta? Saboda haka mai bugun ƙasa da ya zana yashi ya ce maka saura kaza, ƙarya yake yi, kuma malamai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan zuwa wurinsa. Takardar da yaron nan ya kawo a majalisa babu ita a duniya, shi ya sa amsa ta yi wa kowa sauƙi.

Amma akwai wata takardar da ke akwai, kullum ana rubuta ta a asibitoci. Likita ya duba hoto da jini, ya ga ciwo ya kai inda ba ya dawowa, ya ce bisa abin da muka saba gani, watanni ne. Wannan kirdado ne irin na manomi da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya. Yakan yi kuskure, mun ga waɗanda aka sallama suka yi shekaru suna cin tuwo. Sau da yawa kuma yakan dace. Irin wannan sanin Oudney ya yi wa kansa, kuma tambayar da ta shafe mu da gaske ita ce, in an kai nan, mutum yana son a gaya masa?

Na ɗauka mu kaɗai ne masu gudun wannan magana, ashe ba haka ba ne. A 2017 wasu masana biyu, Gerd Gigerenzer da Rocio Garcia-Retamero, sun wallafa binciken da suka yi a kan mutum sama da 2,000 a Jamus da Sifaniya. Sun tarar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari ba sa son sanin mugun abin da ke jiran su a gaba, har da lokacin mutuwarsu. Wani abin lura kuma, tsofaffi sun fi matasa ƙin sani, wato duk yadda abin ya matso, haka mutum ke ƙara kau da kai. Su ma likitocin Turai da Amurka ba da daɗewa ba suka koyi faɗa. A 1961 wani likita, Donald Oken, ya tambayi likitoci a Amurka, kusan kashi 90 suka ce ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka sake irin wannan tambaya a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. Cikin shekara 18 al'ada ta juye gaba ɗaya. Mu kuwa muna nan a kan tamu. Ka je duba mutum yana numfashi da ƙyar, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kai ma ka ce ai sauƙi ya samu, ku duka kun san abin da kuka gani. Ban raina wannan al'ada ba. Akwai ladabi a cikinta, akwai kyautata zato ga Ubangiji, kuma akwai mutanen da in ka gaya musu gaskiya tsagwaronta ka kashe su kafin ciwon ya kashe su. Sai dai akwai abin da take ci, kuma mu 'yan ci-rani mu muka fi biyan kuɗin.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni Ibadan ina saurayi. Ya fi shekara arba'in a harkar goro, yana saye a ƙauyukan Yarbawa, a ɗaure a huhu, a loda zuwa Arewa. Shi ya koya mini bambance goron da zai jure hanya da wanda zai ruɓe kafin Jebba. Duk shekarun nan bai taɓa kiran Ibadan gida ba. Ya gina ɗakuna a Azare, ya sayi gona a hanyar Jama'are, kullum zancensa ke nan, in na tattara kuɗina zan koma in huta. Kun san irin wannan magana, kowannenmu yana da tasa.

Shekara takwas ke nan, ya fara rama, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya ɗan taso. Muka yi na gargajiya, muka yi na kemis, daga ƙarshe na kai shi wani asibiti aka yi hotuna. Da sakamako ya fito, likitan ya ce Kawu ya jira a waje, ya kira ni ciki ya rufe ƙofa. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, abin da ya rage shi ne a rage masa zafi. Na ce kamar yaushe? Ya ce shi ba Allah ba ne, amma in da mahaifinsa ne, kuma yana da inda yake son zuwa, da ya kai shi cikin watan nan. Sannan ya tambaye ni, in gaya masa ko ku za ku gaya masa? Na ce a bar mana.

Da na fito Kawu ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, me ya ce?” Na ce, “Kawu, ya ce hanta ce ta ɗan kumbura, za a ɗora ka a kan magani.” Ya ce, “To, Allah Ya sa kaffara ne.” Muka hau mota muka dawo Sabo.

A daren na kira gida. Inna ta yi kuka ta ce kada in kuskura, in ya ji zai karaya. Babban ɗansa ya ce haka. Wani malami da na nemi shawararsa ya ce in ja hankalinsa ga wasiyya da dabara ba tare da na ambaci komai ba, ya tuna mini hadisin da ya kwaɗaitar da Musulmi kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba in yana da abin yin wasiyya. Shawara ce mai kyau, ni ne na kasa. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga kamar likkafani nake miƙa masa. Abin da na iya kawai shi ne in ce, “Kawu, me zai hana ka je gida ka huta, in ka ji ƙarfi ka dawo?” Shi kuma sai ya ce, “Ina zan tafi in bar kuɗina a hannun mutane? Bari kaya biyun nan su sauka, in karɓi na wajen mutanen Shagamu, bayan babbar Sallah sai mu tafi tare.” Lissafinsa daidai ne ga mutumin da ke da shekara a gaba. Ni na san ba shi da ita, na kuma bar shi yana lissafi da ita.

Wata rana da yamma, saura kamar mako uku Sallah, ya ce in ɗauko masa littafin bashi daga ƙarƙashin katifa. Ya sa na zauna ina karantawa yana gyara mini, wane ya biya rabi, wane a yafe masa don gobara ta ci rumfarsa, wane kuma ni nake riƙe da nasa, ka tabbata ka mayar. Muka kai kusan awa biyu. Da muka gama ya rufe littafin ya miƙo mini, ya ce, “Riƙe a wurinka.” Ya yi shiru, can ya ce, “Likitan nan ya daɗe da kai a ɗaki ran nan.” Gabana ya faɗi. Na ce, “E, Kawu, bayanin magani yake yi mini.” Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa huhun goro in yana shakkar abin da ke tsakiyarsa, sannan ya ce, “To madalla.” Bai sake tayar da maganar ba.

Na sha juya wannan yammaci a raina. Wani lokaci in ce ƙofa ya buɗe mini in shigo da gaskiya, na tsaya a bakin ƙofa. Wani lokaci in ce ai ya riga ya sani, jikinsa ya gaya masa kamar yadda na Oudney ya gaya masa, yana dai tausaya mini ne kada ya sa ni faɗin abin da ya fi ƙarfin bakina. In haka ne, to mu biyu muka zauna kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa abu ɗaya. Abin da na tabbatar shi ne, Baturen nan na Murmur da ya san halin da yake ciki, shi ya zaɓi inda za a kai takardunsa, shi ya zaɓi a kira wanzami, shi ya zaɓi barin Katagum, har safiyar ƙarshe shi ya ce a ɗaura kaya. Wani zai ce zaɓin banza ne tunda bai kai Kano ba. Na yarda bai kai ba, amma shi ya yi abinsa da idonsa a buɗe. Kawu kuwa mu muka zaɓar masa, mu da muke ƙaunarsa, kuma abin da muka zaɓar masa shi ne jiran mutanen Shagamu.

Saura kwana tara Sallah jikin ya rikice. A ranar ne fa na ce a nemo mota ko nawa ne. Tsakanin Ibadan da Azare ya haura kilomita 1,000, ta Ilorin da Jebba da Kaduna da Kano da Wudil, kuma duk wanda ya kalle shi ya san ba zai kai ko Mokwa ba. Direban da muka samu ya leƙo ɗaki ya gan shi, ya ja ni gefe ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, kada mu wahalar da bawan Allah.” Kwana biyu bayan nan ya rasu da hantsi, kansa a kan cinyata. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a nan Ibadan, cikin jar ƙasar da ya yi shekara arba'in yana cewa ba tasa ba ce. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da suka riga mu. Na san ƙasar da aka rubuta masa ke nan, babu mai sauya wannan, kuma ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Abin da ke ci na shi ne watanni biyun da ke tsakani, waɗanda da ya yi su a ƙofar gidansa a Azare, yana ganin Inna, yana sallamar mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ma Clapperton bai tsira ba. Ya je Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma Ingila, ya sake dawowa ta bakin teku, ciwon ciki ya kwantar da shi a Sakkwato ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827. Shi ma da ya ji alamar tafiya sai ya kira baransa Richard Lander ya gaya masa, ya damƙa masa takardunsa. Sarki Ɗan Kauwa da ya tarbe su da goro ya ƙara shekara 22 a kan gado bayan rasuwar likitan, sai 1846. A kan hanyarsa ta komawa Barno a 1824, Clapperton ya biya ta Murmur ya tarar wasu matafiya sun rushe ginin da ya kewaye kabarin abokinsa, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya sa aka sake ginawa.

Bayan arba'in na ɗauki akwatin Kawu da littafin bashin na tafi Azare. Sai da aka zo rabon gado aka buɗe akwatin a gaban 'ya'yansa. A can ƙasa, ƙarƙashin manyan rigunansa, muka tarar da farin yadi sabo a naɗe cikin leda, da turare, da 'yar takarda da rubutun ajami na hannunsa mai cewa wannan na suturata ne. A cikin ledar akwai rasiɗin wani shago na nan Ibadan. Na duba kwanan watan da ke jiki, kwana huɗu ne bayan ranar da likita ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Mu kuwa da yadin da muka saya a gurguje a kasuwa muka rufe shi, don babu wanda ya san da wannan. Inna ta karɓi yadin ta ce a bar mata, yana nan a ɗakinta har yanzu.